Wa Zai Tsaya Wa Mai Rauni? Tarihin Taimakon Shari'a Kyauta Da Rabon Ɗaliban Lauya A Cikinsa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah, Ubangijin talikai, Mai adalci a cikin hukuncinsa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Abin da ya jawo wannan rubutu shi ne wata baiwar Allah, mahaifiyar ɗaya daga cikin ɗalibaina, da ta tare ni bayan an tashi daga makaranta, riƙe da wata takarda da aka rubuta da Turanci. An kama mijinta a kan bashin da wani ɗan kasuwa yake bin sa, ya kwana tara a tsare, ita kuma ba ta san ƙofar da za ta ƙwanƙwasa ba. Na karanta mata takardar na fassara mata, amma da ta tambaye ni abin da za ta yi, sai na yi shiru, domin karatuna bai bi ta nan ba. Wanda ya warware mana matsalar wani yaro ne ɗan unguwarmu da ke aji huɗu a tsangayar koyon aikin lauya. Shi ya gaya mana cewa doka ta hana a kama mutum saboda bashi kawai, shi ya rubuta takardar koke, shi kuma ya haɗa matar da wani lauya malaminsu. Wannan ya sa na koma ina bin tarihi, ina tambayar kaina: su wa suka riƙa tsaya wa irin wannan mata a da, kuma yaushe ɗalibai suka shigo cikin aikin?

Ƙawancen gidan Ibnu Jud'an

Mafari mai kyau ga wannan tarihi shi ne Makka, kimanin shekara 20 kafin a aiko Manzon Allah (SAW). Wani baƙo daga ƙabilar Zubaid ta ƙasar Yaman ya kawo haja, sai Asi ɗan Wa'il, ɗaya daga cikin manyan Ƙuraishawa, ya saya ya hana shi kuɗinsa. Baƙon ya kai kuka wurin wasu gidajen Ƙuraishu, suka kau da kai, domin Asi mai ƙarfi ne, shi kuwa ba shi da dangi a garin. Sai ya hau dutsen Abu Ƙubais ya ɗaga murya yana faɗin abin da aka yi masa. Zubairu ɗan Abdul Muɗɗalibi, baffan Annabi, shi ya fara tashi. Banu Hashim da Banul Muɗɗalib da Banu Asad da Banu Zuhra da Banu Taim suka taru a gidan Abdullahi ɗan Jud'an, suka yi rantsuwa cewa za su kasance tare da duk wanda aka zalunta a Makka, ɗan gari ne ko baƙo, har sai an mayar masa da haƙƙinsa. Suka je suka karɓo wa mutumin kayansa. Wannan shi ne ƙawancen da ake kira Hilful Fudul.

Manzon Allah (SAW) ya halarci zaman yana saurayi, kuma bayan zuwan Musulunci ya bayyana cewa ba zai musanya halartarsa da jajayen raƙuma ba, da kuma za a kira shi zuwa ga irinsa a Musulunci da ya amsa. Abin lura a nan, ya ɗan'uwa, shi ne kowa a Makka ya san Asi ba shi da gaskiya. Haƙƙin baƙon a fili yake tun ranar farko. Abin da ya rasa shi ne wanda zai ɗauki maganarsa ya kai ta inda za a ji. Wannan giɓi, tsakanin samun haƙƙi da samun mai tsaya maka a kansa, shi ne za mu riƙa cin karo da shi har ƙarshen wannan tarihi.

Abin da fiƙihu ya tanada

Musulunci ya san da wannan giɓi. A hadisin Ummu Salama da Bukhari da Muslim suka ruwaito, Annabi (SAW) ya gargaɗi masu jayayya cewa wani yana iya fin wani iya tsara hujja, har a yanke masa abin da ba nasa ba, kuma abin da ya karɓa ta wannan hanya yankin wuta ne. Wato ko a gaban mafi adalcin alƙalai, wanda bai iya magana ba yana cikin haɗari. Haka nan a wasiƙar da Umar ɗan Haɗɗabi ya aika wa Abu Musal Ash'ari, ya umarce shi da ya daidaita tsakanin mutane a zamansa da fuskarsa, don kada babba ya yi kwaɗayin a karkata gare shi, kada kuma mai rauni ya yanke ƙauna.

Saboda haka malamai suka buɗe babin wakilci a cikin husuma, wato mutum ya naɗa wanda ya fi shi sanin hanya ya yi magana a madadinsa. An ruwaito cewa Aliyu ɗan Abi Ɗalib da kansa yakan wakilta ɗan'uwansa Aƙilu a shari'o'insa. Littafin Tuhfatul Hukkam na Ibnu Asim, malamin Garnaɗa da ya rasu a 1426, wanda alƙalanmu suke karantawa har yau, yana da babi a kan wakilci. Akwai kuma i'izari, wato alƙali ya tambayi wanda hukunci zai hau kansa ko yana da sauran hujja kafin a yanke. A ƙasar Hausa, Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Diya'ul Hukkam a Kano a wajajen 1806, yana bayanin sharuɗɗan alƙali da wajibcin sarki ya saurari koke-koken waɗanda aka zalunta. A wancan tsari, nauyin kare mai rauni yana wuyan alƙali ne da sarki, shari'ar kuma da harshen mutane ake yin ta, a kan hukunce-hukuncen da suka taso suna ji a zaure.

Zamanin da aka rufe wa lauya ƙofa

Da Turawa suka ci ƙasar a 1903, sun bar kotunan alƙalai da na sarakuna a ƙarƙashin En'e, suka kafa nasu a gefe. A 1934, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, aka buɗe makarantar koyar da shari'a a Kano da malamai daga Sudan, wadda a 1947 aka mayar da ita Makarantar Nazarin Larabci. Ta yaye alƙalai masu yawa, cikinsu har da Shaikh Abubakar Mahmud Gumi. Amma doka ta hana lauya tsayawa a kotunan En'e. Hujjar da aka bayar ita ce kare talaka daga tsadar lauyoyi da jan shari'a. Akwai gaskiya a cikin wannan, sai dai hanin ya kuma kare masu mulki daga tambaya. A shekarun 1950, 'yan jam'iyyar NEPU da dama sun gurfana a gaban kotunan da ke ƙarƙashin hukumar da suke suka, ba tare da damar kawo lauya ba.

Sakamakon haka Arewa ta horar da masu yanke hukunci, ba ta horar da masu tsaya wa wanda ake tuhuma ba. Christopher Sapara Williams, lauyan farko ɗan Najeriya, ya zama lauya a Ingila a 1879. Lauyan farko daga Jihar Arewa, Abdulganiyu Abdulrazaƙ na Ilori, sai a 1955 ya samu wannan matsayi. Tazarar shekara 76 ke nan. A 1960 aka kawo kundin Final Kod da dokar bin kadin laifuka, rubuce da Turanci, sashe bayan sashe. A 1967 aka soke kotunan sarakuna, aka mayar da na alƙalai kotunan yanki a ƙarƙashin gwamnati, amma hanin lauya ya ci gaba. Talaka ya wayi gari ana yi masa shari'a da dokar da ba a zaure ya ji ta ba, kuma babu mai fassara masa ita ta ɓangarensa.

Mutane ne suka fara, gwamnati ta biyo baya

A 1969 wani matashin lauya ɗan Ondo, Gani Fawehinmi, wanda bai fi shekara 4 da fara aiki ba, ya karɓi shari'ar wani ma'aikacin masana'anta a Jos mai suna Bala Abashe, wanda yake ƙarar sakataren gwamnatin jihar Binuwai da Filato. Bai karɓi ko sisi ba. An matsa masa ya janye ya ƙi, ƙarshe aka tsare shi na watanni. Daga nan har rasuwarsa a 2009 ya shiga gidan yari sau da yawa, kuma ɗalibai ne suka laƙaba masa sunan babban lauyan talakawa tun kafin hukuma ta ba shi muƙamin SAN a 2001.

A farkon shekarun 1970 wani lauya, Chimezie Ikeazor, tare da abokan aikinsa irin su Solomon Lar, wanda daga baya ya yi gwamnan Filato, suka kafa ƙungiyar sa-kai ta bai wa marasa hali taimakon shari'a kyauta. Abin da suka gani shi ne gidajen yari cike da mutanen da ba a yanke musu hukunci ba, ba su kuma da kuɗin lauya. Aikinsu da kiraye-kirayensu ne suka kai ga gwamnatin Janar Obasanjo ta fitar da doka mai lamba 56 a 1976, wadda ta kafa Hukumar Ba da Taimakon Shari'a ta ƙasa. Da farko hurumin hukumar 'yan manyan laifuka ne kawai, irin su kisan kai da jin rauni mai tsanani. Sannan tsarin mulkin 1979 ya tabbatar wa duk wanda ake tuhuma da laifi 'yancin ya kare kansa ko ya ɗauki lauyan da yake so, kuma a kan wannan ne kotuna a shekarun 1980 suka rushe tsohon hanin, lauyoyi suka fara tsayawa a kotunan yanki. Ka lura da jerin: masu sa-kai ne a gaba, doka tana biye.

Darasi daga Sakkwato da Katsina

Wanda yake shakkar amfanin mai tsayawa, ya dubi abin da ya faru bayan jihohin Arewa 12 sun faɗaɗa aiki da shari'ar Musulunci, tun daga Zamfara da ta shelanta a 1999. A watan Oktoba na 2001 wata kotu a Gwadabawa ta yanke wa Safiya Husaini hukuncin jefewa. A watan Maris na 2002 wata kotu a Bakori ta yanke wa Amina Lawal irinsa. Dukkansu matan karkara ne, kuma dukkansu ba su da lauya a zaman farko. Da lauyoyi da ƙungiyoyin sa-kai suka shigo, cikinsu har da Aliyu Musa Yawuri da Hauwa Ibrahim, kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a a Sakkwato ta sallami Safiya ranar 25 ga Maris 2002, ta Katsina kuma ta sallami Amina ranar 25 ga Satumba 2003, alƙalai huɗu suka rinjayi ɗaya.

Jaridun ƙasashen waje sun yi ta hayaniya a lokacin, amma hujjojin da kotunan suka dogara da su daga cikin fiƙihun Malikiyya da dokokin jihohin suka fito. A shari'ar Safiya an nuna cewa abin da ake tuhumar ta da shi ya faru kafin dokar ta fara aiki. A ta Amina an nuna cewa alƙali ya zauna shi kaɗai alhali doka ta ce ya zauna da mutum biyu, cewa mai iƙirari yana da damar janye iƙirarinsa, kuma cewa cikin matar da aka saka ana iya jingina shi ga tsohon mijinta har tsawon shekaru, bisa mas'alar kwantaccen ciki. Duk waɗannan suna nan a rubuce a littattafai. Abin da ya bambanta zaman farko da na ƙarshe shi ne samun wanda ya san shafin da zai buɗe.

Yadda ɗalibai suka shigo

Lauyoyi masu sa-kai ba su taɓa isa ba a kowace ƙasa, shi ya sa aka waiwayi ɗalibai. Abin ya fara ne a Amurka, inda ɗaliban lauya na jami'ar Harvard suka kafa ofishin taimakon marasa hali a 1913. Aka riƙa kwatanta irin wannan ofis da asibitin koyarwa: kamar yadda ɗalibin likita yake duba majinyaci a gaban malaminsa, haka ɗalibin lauya zai saurari mai matsala a ƙarƙashin kulawar ƙwararre. Daga nan sunan asibitin shari'a ya samo asali.

A nahiyarmu, Afirka ta Kudu ce ta yi fice. A 1972, tsakiyar mulkin wariyar launin fata, ɗaliban jami'ar Kef Tawun suka fara zuwa unguwannin baƙar fata da yamma suna ba da shawara kyauta. A 1973 Farfesa David McQuoid-Mason ya buɗe irinsa a jami'ar Natal da ke Daban. Mutanen da dokar takardar izinin zirga-zirga ta addaba, da ma'aikatan da aka kora ba haƙƙi, a wurin waɗannan yara suke samun mai saurare. A garin Daban ɗin ne aka yi taron malaman lauya na Afirka a kan wannan tsari a 2003, kuma a shekarar ne malamai a Najeriya, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Ernest Ojukwu, suka kafa ƙungiyar NULAI don shigar da shi jami'o'inmu. Jami'ar Maiduguri tana cikin huɗun da aka fara gwaji da su, tare da ta jihar Abiya da ta Uyo da ta Akungba. Daga baya jami'ar Ahmadu Bello da ta Bayero da wasu da dama suka buɗe nasu. A 2011 sabuwar dokar taimakon shari'a ta ambaci waɗannan asibitoci a cikin masu ba da taimako, ta kuma wajabta wa mai neman muƙamin SAN ya nuna shari'o'i aƙalla 3 da ya yi kyauta a shekarar da ta gabaci nemansa.

Abin da ya rage a wuyanku

Ya ku ƙannena masu karatun lauya, ko na boko zalla ko wanda aka haɗa da shari'ar Musulunci, dokokin da ake buƙata yawancinsu an riga an rubuta. Sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ya ce a gurfanar da wanda aka kama cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu kuwa kwana biyu. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, wadda jihohi suka yi irin tasu, ta hana kama wani a madadin wani, ta hana kama mutum a kan bashi ko saɓa yarjejeniya kawai, ta ce mace tana iya tsaya wa mutum beli, ta kuma ɗora wa majistare ziyartar ofisoshin 'yan sanda duk wata. Duk da haka, shekara da shekaru alƙaluman hukumar gidajen gyaran hali suna nuna cewa kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda ke tsare jiran shari'a suke yi. A cikinsu akwai wanda fayil ɗinsa ya ɓata, da wanda aka ba shi beli amma danginsa ba su sani ba, da wanda ya zauna fiye da wa'adin da za a ɗaure shi ko da an same shi da laifin.

Gaskiya ne doka ba ta ba ɗalibi damar tsayawa gaban alƙali a matsayin lauya ba, kuma kada ɗayanku ya yi gigin yin haka, ko ya ba da shawara a kan abin da bai tabbatar ba. Wannan da fatawa ba da ilimi ba 'yan gida ɗaya ne. Amma mafi yawan abin da mai rauni yake buƙata yana faruwa ne kafin a shiga kotu. Ɗalibi yana iya shiga gidan yari tare da malaminsa ya rubuta sunan wanda aka manta da shi da ranar da aka kawo shi. Yana iya bin fayil daga ofishin 'yan sanda zuwa ma'aikatar shari'a. Yana iya neman dangin mutum a ƙauye, ya tsara takardar neman beli lauya ya sa hannu. Yana iya zama da matar da mijinta ya rasu ya lissafa mata tumuninta, ya gaya mata kotun da za ta je idan an hana ta. Yana iya tsayawa a makarantar Islamiyya ta matan aure ko a tashar mota ya yi bayanin waɗannan haƙƙoƙi da Hausa. Wanda jami'arsa take da asibitin shari'a ya je ya rubuta sunansa. Wanda tasu babu, ya nemi abokai biyar da malami ɗaya mai lasisi, su tuntuɓi ofishin Hukumar Taimakon Shari'a na jiharsu ko reshen ƙungiyar lauyoyi.

Na san akwai masu ƙyamar aikin lauya gaba ɗaya, suna kafa hujja da aya ta 105 a Suratun Nisa'i, wadda ta hana zama mai jayayya domin maha'inta. Sai mu tuna dalilin saukarta kamar yadda malaman tafsiri suka kawo: wani daga Banu Ubairiƙ ya saci sulke, aka nemi a ɗora wa wani Bayahude, danginsa suka zo suna kare shi. Ayoyin sun sauka ne suna wanke wanda ba shi da laifi, ko da yake ba Musulmi ba ne. Abin da aka hana shi ne ka san mutum maha'inci ne ka yi ta ƙoƙarin mayar da ƙaryarsa gaskiya. Amma tabbatar da cewa ba a hukunta kowa ba sai da hujja, kuma ba a ɗora masa fiye da laifinsa ba, wannan taimakon alƙali ne a kan adalci. Don haka kada ku tambayi addinin mai neman taimako ko ƙabilarsa, kamar yadda mutanen gidan Ibnu Jud'an ba su tambayi baƙon Zubaid ko shi ɗan wane ne ba.

Ba zan ɓoye muku ba, aikin yana da wahala. Za ku kashe kuɗin mota daga aljihunku, za a bar ku tsaye a bakin ofis, wani ma wanda kuka taimaka ba zai dawo ya ce an gode ba. Ku riƙe sirrin mutane, kada ku karɓi ko goro, kada ku yi alƙawarin abin da ba a hannunku yake ba. Ku gyara niyya, domin ilimin da kuke nema amana ne, kuma za a tambaye ku abin da kuka yi da shi.

Allah ya sa mu cikin masu tsayuwa da adalci, ya kuɓutar da duk wanda ke tsare bisa zalunci, ya yi wa karatunku albarka. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare ni ne, ina neman gafararsa.